Ranar da Na Kwance Kwalekwalen Baba

Shekarar da ambaliya ta raba ƙauyenmu da titin Haɗeja, Yaya Rabi ta dawo gida da tsohon ciki. Baba ya ɗaure kwalekwalensa a gindin tsamiya, ya ce ko gari ke ci da wuta kada a taɓa, na kai ta asibiti ne.

Ni kuwa ina da ilimi. Awakinmu uku duk sai da wata ya cika suka haihu, kuma ban ga abin da zai sa Yaya ta bambanta ba. Ran nan wata kwanansa shida kacal. Da hantsi na kwance kwalekwale na tafi kamun kifi, har ina tausayin jahilcin gidanmu.

Da la'asar na dawo da tarwaɗa biyu, na tarar ɗakin Inna ba ƙyaure. A kansa maza huɗu suka ɗauki Yaya tana zubar da jini, ruwa iya ƙirji, har bakin titi. Kaka kaɗai na samu a gida.

"Kaka, ai wata bai cika ba."

"Je ka gaya wa jaririn, shi bai sani ba."

Sai da aka ƙara wa Yaya jini ta farfaɗo, yaron ma ya rayu. Baba bai doke ni ba. Wata guda ya yi bai kira sunana ba, da ma dukan ya yi.

Yanzu duk mai ciki a ƙauyenmu sai ta tare ni: "Likita, yaushe zan haihu? Faɗa mini in cire ranar daga lissafi."