Guɗar da Ta Maƙale

Ba zan taɓa mantawa da kamun ƙawata Rahina a Samaru ba, don ranar na fara sanin wani abu ya sami maƙogwarona. Ni ce mai guɗar unguwarmu (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina). Aka fito da amarya, mata suka yi tsit suna jirana. Na kama hanci, na ɗaga kai, sai ga wata ƙara kamar ta tsohon kwaɗo. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce a leƙa waje, ko igiya ce ta shaƙe akuya.

Wata uku muryata tana dishe. Na sha citta, kanumfari, ɗanyen ƙwai da zuma, har da wani jiƙo na kasuwar Sabon Gari. Da muka je asibiti ni da mahaifiyata, likita ta zura siririn bututu mai kyamara ta hancina, ta ce akwai 'yan tsiro a maƙogwaro, za a cire a auna. Ni "tsiro" kawai na ji. Nan take na yanke wa kaina ciwon daji.

Sai na shiga neman gafara gida-gida, da raɗa. Masu hankali "a yafe ni" suke cewa su yi shiru, ni kuwa sai da na kawo bayani. Na gaya wa maƙwabciyarmu Maman Ngozi cewa kazarta da ta ɓata bara, a tukunyarmu ta ƙare. Na gaya wa Rahina ni na sa wa mijinta suna Mai Kan Turmi. Atamfofina kuwa na tattara na ba ƙanwata Ummi (ko kukan kara ba ta yi ba).

Bayan aikin, ranar karɓar sakamako, ni da Mama muka koma asibiti. Likita ta ce, "Ba daji ba ne, ƙwayar cuta ce ke haifar da su. Suna iya dawowa, sai ki riƙa zuwa ana dubawa."

Ina cikin kukan murna saƙon Rahina ya shigo: "Mai Kan Turmi yana tambaya, ya jiki?" Na fito, ga Ummi a benci sanye da atamfata ta Sallah, har an rage mata ƙugu.

Na dai koya: yafiya a dunƙule ake nemanta, bayani sai sakamako ya fito.