Ranar da Na Kushe Kindirmon Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai amaryata cin abinci Gwarzo ba. Ko na so in manta ma, ita Asiya ba za ta bari ba. Har yau in muna cin tuwo na ɗan yatsine fuska, sai ta ce, "Malam, a kira manaja ne?"

Bari in fara da Inna, mahaifiyata. Tana zaune a Gude, kuma ni ne ɗanta na fari. Duk wanda ya san gidajen da suka taso da kiwo ya san abin da hakan yake nufi: Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in muna cikin mutane kuwa sai ka rantse ba ta taɓa ganina ba. "Wancan" take ce mini. Sana'arta kindirmo, daga 'yan shanun da Baba ya bari. Shekara da shekaru tana ɗaukar ƙwarya a ka zuwa kasuwa, har gwiwoyinta suka fara ƙi. Ana saura kaɗan bikina, ƙanwata Hanne ta kira ni da murna, ta ce Inna ta samu wani mai gidan abinci da yake karɓe kindirmonta gaba ɗaya, ta huta da zaman rana a kasuwa. Na ce alhamdulillahi, na kashe waya. Ban tambayi wane gidan abinci ba ne, ban tambayi a wane gari yake ba. (Lokacin hankalina yana wajen tela da masu hayar kujeru.)

Asiya kuwa 'yar birni ce, haihuwar Kano. Da na kawo ta Kabo, inda nake koyarwa, kullum sai in riƙa zargin tana kallon mu a matsayin mutanen ƙauye, alhali baiwar Allah ba ta taɓa cewa komai ba. Sai na ji an buɗe sabon gidan abinci na zamani a Gwarzo, irin mai gilashi da na'urar sanyi, inda ake nuna abinci da yatsa a zuba maka nan take. Na ce yauwa, yau za ta san mu ma ba a baya muke ba. Na sa shaddar angonci, na fesa turare har sai da mai babur ya yi atishawa.

Akwai wani ilimi da na ɗauko a Kano lokacin karatu, wanda babu malamin da ya koya mini shi: a irin waɗannan wurare, wanda ya yi ƙorafi shi ne babban mutum. Mai cin abincinsa shiru baƙauye ne. Da wannan ilimin na shiga.

Kuma tsakani da Allah, sun ba ni abin faɗa. Yarinyar da ke bayan kantar sayar da abinci tana danna waya, sai da na yi sallama har na gaji kafin ta ɗago. Abincin da aka ce na gaggawa ne, mun zauna jiran sa har na haddace duk hotunan da ke bango. Da ya iso, shinkafar gefe zafi tsakiya sanyi, kazar kuwa ta bushe ƙamas, cokalin roba ya karye a jikinta. Asiya ta yi dariya ta ce ba komai, za ta ci da hannu. Ni kuwa na gyara hula na ce a kira mini manaja.

Manajan ya zo da sauri, wani siririn mutum mai ladabi. Ya ba da haƙuri, ya ce wutar ce aka ɗauke, ya sa aka canza mana faranti. Sannan ya kawo mana fura da nono a kofunan roba masu murfi, da sanyinsu daga firji, ya ce, "Yallaɓai, wannan kyauta ce daga gare mu, a yi haƙuri."

Yallaɓai! A gaban amaryata! Da ina da hankali, da a nan na tsaya. Amma kaina ya riga ya kumbura, mutanen sauran tebura suna kallo, ni kuma na ji daɗin kallon. Na kurɓi furar. An dama ta da inji ta yi sumul, ga sanyi har cikin haƙori, ba irin wadda na saba sha a ƙwarya da ludayi ba. Ban ma tsaya na ji ɗanɗanonta ba na dire kofin.

"Manaja," na ce, da muryar da nake tsawata wa 'yan aji, "wannan ba nonon shanu ba ne. Madarar gari ce aka kwaɓa."

"A'a yallaɓai, daga ruga ake kawo mana."

"Ni za ka gaya wa ruga? A gidan shanu aka haife ni. Kafin in iya tafiya na san kindirmo. Duk wadda take kawo muku wannan, cutar ku take yi."

A nan na ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na dubi Asiya, na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kanta a ƙasa. (Wallahi na ɗauka alfahari da mijinta ne ya sa ta jin nauyi.) Sai na ƙara wuta. Na ce a gidanmu ko maraƙi aka ba wannan sai ya juya kai. Ta sake taka ni, wannan karon da dunduniyar takalmi.

Fuskar manaja ta canza. Ya ce, "To ai shi ke nan, mai kawowar ma ba ta tafi ba, tana jira a wanke mata bokitanta." Ya juya wajen wani benci da ke bayan babban firji, kusa da ƙofar kicin. "Inna, kin ji da kunnenki. Mutumin nan ɗan gidan shanu ne. In gari kike kwaɓa mana, daga yau a dakata da kawowa."

Na leƙa. Na fara ganin takalmin, wanda ni na saya da Sallah. Sannan mayafin. Sannan Inna, zaune, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, tana kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki.

Ashe tun shigowarmu ta gan mu. Ba za ta yi magana ba, don ni ɗan fari ne. Asiya ta hango ta, ita ma ba za ta ɗaga murya a gaban suruka ba. Kowa kunya ta rufe masa baki, sai ni kaɗai da ba ni da ita.

Inna ba ta kalle ni ba. Ta ce wa manaja a hankali, "To, tunda mai shanu ya faɗa."

Abin da na hango ba mutanen da ke kallo ba ne, ƙwaryar nan na hango ta koma kan Inna, da rana, da gwiwa, duk saboda bakina. Na miƙe har kujera ta faɗi.

"Manaja, tsaya. Wannan... mahaifiyata ce. Shanun da nake faɗa, nata ne."

Ya dube ni, ya dube ta. "Inna, wai ɗanki ne?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Haka mutane suke cewa."

Wurin ya fashe da dariya, har yarinyar kanta ta ajiye waya. Wani dattijo da ke cin shinkafa a gefe ya share hawaye ya ce, "Malam, ai ba a gama ba. Da ƙarfi ka kushe, kowa ya ji. Sai ka sha, ka gaya mana gaskiya da irin wannan muryar."

Na ɗauki kofin na sha, wannan karon da hankali. Jama'a, kindirmon gidanmu ne. Ga ɗan tsamin nan, ga ƙamshin hayaƙin da Inna take yi wa ƙwarya, duk suna nan, sanyi ne kawai da girman kai suka rufe mini harshe. Na ɗaga murya na ce wannan nono ne tsantsa, babu irinsa daga nan har Kano, ni ne ban san abin da nake faɗa ba. Na shanye nawa, na shanye na Asiya.

Manaja ya dafa tebur yana dariya, ya ce, "Inna, gobe a kawo kamar kullum. A ƙara bokiti ɗaya ma, tunda masani ya sa hannu."

Na ɗauki bokitan na kai mata bakin titi da shaddata. Mota ta zo za ta hau. Sai ta kama hannun Asiya ta ce mata, "Ki riƙa ba wancan abinci kafin ku fito."

Bayan kwana biyu Hanne ta zo Kabo da ƙwarya a rufe da faifai, da saƙo: wai Inna ta ce a kai wa masanin ya duba, ko na gari ne. Muka yi ta dariya. Amma da na zauna ina sha, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Tun ina rarrafe nake shan kindirmon nan, ban taɓa buɗe baki na ce ya yi daɗi ba, sai ranar da wani dattijo ya tilasta ni a gaban baƙi.

Yanzu in na shiga gidan abinci aka kawo mini shinkafa da sanyi, nakan yi ƙorafi, amma a hankali, kuma sai na fara leƙa bayan firji. In na je Gude kuwa, Inna ta turo ƙwarya, nakan ce ya yi daɗi da ƙarfi yadda za ta ji daga ɗaki. Ba ta amsawa. Sai dai ƙwaryar takan dawo a cike.