Pak Majigi da Tsarin Karatu Cikin Fara'a

Daga gonakin shinkafa na bakin teku har ƙauyukan da ke maƙale a jikin dutse, gundumarmu ba ta taɓa yin masanin ilimi kamar Alhaji Darmaji Wiryosumarto, mai digirin Doktorandus, ba. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya wasa da gaskiya idan ta shafe shi.

Shi ne shugaban sashen ƙananan makarantun sakandare, guda arba'in da uku a ƙarƙashinsa. Sunansa da digirorinsa sun ƙi shiga allon ƙofar ofis, sai da kafinta ya ƙara katako. Ya taɓa koyarwa, wata bakwai cur, shekara ashirin da shida da suka wuce. Abin da ya gani a aji a ɗan lokacin nan ya ishe shi har abada. Tun daga nan ba ya shiga aji sai da takalmi mai sheƙi da mai ɗaukar hoto.

Malamai suna kiransa Pak Majigi, wato Malam Majigi, domin ko gaisuwar mutuwa zai je, majiginsa na bayan mota. Labarin sunan ya kai kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ai ma'anarsa mai haskaka wa jama'a.

Sai gwamnatin lardi ta fito da sabon tsari. Takarda ce mai shafi huɗu, abin da ta ce kawai a rage wa yara haddar abin da ba su gane ba, a bar su su riƙa tambaya. Aka kira shugabanni taron bita na kwana uku a wani otal. Pak Darmaji ya halarci ranar farko da ta ƙarshe, ta tsakiya ya je duba surukarsa. Ya dawo da sabuwar jaka, da takardar shaida, da wahayi. Cikin mako biyu shafi huɗun nan suka haifi littafi mai shafi ɗari da sittin, da hotonsa a bango, ya raɗa masa suna Tsarin Karatu Cikin Fara'a.

Ya tara malamai a babban zaure, aka raba musu shinkafa da kaza a kwali, ya kunna majigi.

"Iyayena mata, iyayena maza," in ji shi, yana gyara rigarsa ta atamfar batik, "yau tarihi ya shigo gundumar nan, kuma ni na ɗauko shi a motata. Daga yau babu jan biro. Babu cewa yaro ya yi kuskure, sai dai a ce amsarsa tana kan hanya. Kowane darasi a ɗauki hoton yara suna murmushi a turo ofishina kafin azahar. Ajin da babu haƙori a waje, ba a yi karatu a cikinsa ba."

Aka tafa. Waɗanda ke da cinyar kaza a hannu suka tafa da gwiwa.

Makarantar da ke kusa da ofishinsa ita ya zaɓa ta zama abin koyi, don kada a wahalar da direba. A nan Bu Wartini take, wato Malama Wartini, malamar lissafi, shekara goma sha tara tana fama da 'yan ajin ƙarshe. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu tura keken abinci ne da 'yan ƙwadagon gona, kuma jarrabawar ƙarshen shekara ce ke raba wanda zai samu gurbi a babbar sakandaren gwamnati da wanda zai koma gida. Ta same shi a ofis, ta ɗan rusuna.

"Pak, a gafarce ni. Saura wata huɗu jarrabawa, rabin ajina ba su iya haɗa rabi da sulusi ba. Hoto da cike takardu suna cinye mini rabin kowane darasi."

Ya dube ta da tausayi irin na likita.

"Bu, matsalarki tsohon tunani. Amma ina ganin haske a tattare da ke."

Nan take ya naɗa ta Jakadiyar Fara'a ta Gunduma. Aka ba ta ɗamara mai ruwan ɗorawa. Talata, Laraba da Alhamis ta riƙa bin motarsa makaranta makaranta, tana riƙe masa wayar majigi. Ajinta kuwa aka jera kujeru da'ira, aka ce yaran su gano lissafi da kansu. Sun gano abubuwa da yawa. Sun gano cewa fankar ajin tana iya ɗaukar takalmi.

Wata Litinin ya kai wa ajin Bu Wartini ziyarar bazata, wadda aka sanar tun Juma'a. Ya tsaya gaban allo, ya nuna wata yarinya mai suna Anjani.

"'Yata, rabi a tara da sulusi?"

"Biyu bisa biyar, Pak."

Bu Wartini ta runtse ido. Pak Darmaji ya ɗan motsa leɓɓansa, sannan ya buga tafi.

"Kun ji ƙarfin hali? Ko kokwanto ba ta yi ba! A ɗauke mu hoto."

Har yau ba a san ko tsari yake bi ba, ko shi ma abin da ya samu ke nan.

Uban yarinyar, Pak Kasdi, mai tura keken miyar taliya, ya zo ofis da hularsa a hannu. Ya ce burinsa Anjani ta zama ma'aikaciyar jinya, amma kullum tana dawowa da ciwon kumatu saboda murmushi, littafinta kuma fari fat. Pak Darmaji ya zaunar da shi, ya sa aka kashe fitila, ya haska masa majigi awa ɗaya da kwata shi kaɗai. Da Pak Kasdi ya fito miyarsa ta huce, ruwan sama ya jiƙa taliyar. An rubuta a rahoto cewa iyaye suna tururuwa don neman ƙarin bayani.

Sakamako ya fito. Makarantar abin koyi ta zo ta arba'in da ɗaya cikin arba'in da uku. Anjani ba ta samu gurbi ba. Bu Wartini ta ninke ɗamarar ta sa a ƙasan akwati, ta fara tara yaran da suka faɗi a barandar gidanta bayan la'asar, da jan biro a hannu. Pak Darmaji ya bayyana cewa tsari irin nasa ba a auna shi da maki.

Kwana uku bayan nan ya sauya ra'ayi game da maki. Wasiƙa ta iso cewa makarantar da ta fi kowacce a duk faɗin lardin tana cikin gundumarsa: wata 'yar makaranta mai aji shida a ƙauyen Karangwuluh, can saman dutse. Sai da aka nuna masa ita a taswira. Ya ɗinka sabuwar riga, ya sa aka buga ƙyalle mai faɗin bango da hotonsa yana nuna sama.

Ranar bikin karrama makarantar, wakiliyar lardi, Bu Retnowati, ta zauna a gaba. Pak Darmaji ya yi minti hamsin yana jawabi.

"Ana tambayata, Pak Darmaji, mene ne sirrin? Ni mutum ne mai kunya, amma tunda an matsa: shafi na casa'in da biyu. Karangwuluh 'yata ce. Ni na raine ta."

Sai aka kira shugaban makarantar, Pak Sarmin, wani siririn dattijo da taɓo har gwiwar wandonsa. Bu Retnowati ta miƙa masa kofin nasara, ta ce ya gaya wa jama'a yadda suka aiwatar da tsarin.

Dattijon ya riƙe abin magana da hannu biyu.

"Bu, Pak, ina neman afuwa dubu. Tun daminar bara ƙasa ta zabtare ta rufe mana hanya, waya kuma ba ta kamawa a wurinmu. Littafin bai iso ba. Mun ji ana ta maganarsa, mun ji kunya ƙwarai. Da muka rasa yadda za mu yi, sai muka ci gaba da koyar da yaran kawai. Don Allah kada a hukunta malamaina, laifina ne."

Bu Retnowati ta duƙar da kai tana duba wani abu a cikin jakarta, ta daɗe tana dubawa, kafaɗunta na girgiza.

Babban mutum ba ya faɗuwa a bainar jama'a. Pak Darmaji ya karɓe abin maganar.

"Kun gani? Ƙamshin tsarin kawai suka shaƙa daga nesa, suka zo na ɗaya. Ina ga in ya isa gare su!"

Washegari ya rubuta wa sashen ayyuka cewa a buɗe hanyar Karangwuluh cikin gaggawa, domin shi da kansa zai hau da littafi da majigi.

Mutanen Karangwuluh sun shekara suna roƙon a gyara musu hanyar nan. A kafaɗa suke sauko da marasa lafiya, a ka suke sauko da kabeji. Da labari ya kai musu, iyaye suka taru a masallaci bayan sallar Juma'a, suka rubuta takarda, mutum ɗari da goma sha biyu suka sa hannu. Sun gode wa hukuma matuƙa. Sun ce hanyar ba ta dame su ba ko kaɗan, a bar ta yadda take har 'yan ajin ƙarshe su gama.