Rasuwar Goggo, Motar Malam Sanda, a Hanyar Asheboro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haƙuri da abin da ya riga ya auku, iyalan Malam Sanda Maikano na unguwar Glenwood, Greensboro, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babbar motarsu ta ɗaukar kaya, wadda aka fi sani da Goggo. Ta cika ranar Talata, 8 ga Satumba, 1987, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a hanyar dawowa daga Asheboro. Shekarunta goma sha uku a duniya, tara daga ciki a hannun Malam Sanda.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a 1978, shekarar da mai gidan ya ajiye karatun aikin gona ya koma jigilar kujeru da gadaje daga masana'antun High Point zuwa kantuna. Matarsa, Malama Rumasa'u, ita ta raɗa mata suna, saboda tarin da take yi da safe kafin ta tashi: gur, gur, gur, sannan ta amsa. Duk ɗalibin da ya sauya gida a cikinmu, Goggo ce ta kwashi katifarsa. Akwatunan waɗanda suka gama karatu suka koma gida, ita ta kai su tasha. Ba ta taɓa kwana a hanya ba.

An shaidi Malam Sanda da kula da ita. Kowace Asabar bayan karin kumallo yakan shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta. Yakan bi gaɓoɓin sitiyari goma sha ɗaya ya ɗura wa kowace giris, har sai tsohon ya ɓullo baƙi sabon ya biyo baya. Rumasa'u takan zauna a kujerar direba tana kaɗa sitiyari hagu da dama, shi kuwa yana ƙasa, hannunsa a kan ƙarfe, yana sauraren ko akwai wadda ta yi lako-lako. Daga nan sai ya kwance murfin giyabos ya tura ɗan yatsa. In mai ya taɓa yatsan, ya shinshina, ya murza, ya mayar da murfi. Haka mahaifinsa, tsohon direban Funtuwa, ya koya masa. Goggo kuwa takan saka masa da ƙwas ɗin nan mai tsabta in ta shiga giya ta uku.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ranar Talatar, bayan ta sauke kaya, tiyon man sitiyari ya fashe, mai ya tsiyaye a titi. Ƙaramar lalura ce. Malam Sanda ya gangara gefe ya kashe inji nan take, don kada famfon sitiyarin ya yi ta juyawa a bushe ya ƙone. Ya taka zuwa wani gidan mai ya buga wa amininsa waya.

Aminin shi ne Malam Dabo Iliyasu, direban tifa. Unguwarsu ɗaya a Funtuwa, jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan. Mai gidan man ya miƙo wa Malam Sanda lambar masu janwe, wato motar jan motocin da suka lalace, ya karɓa ya sa a aljihu. Inda suka fito, direban da ya kira janwe alhali yana da ɗan uwa mai sarƙa ya shelanta wa duniya ke nan cewa ba shi da kowa.

Dabo ya iso cikin awa guda, yana dariya tun daga taga.

"Ango, yau amaryar ta yi yaji ke nan? Duk giris ɗin da kake shafa mata?"

"Ɗaura sarƙa, Malam, ka bar surutu."

"To sa ta a firi. Ka riƙe ta da kyau, kada ta sumbaci bayan tifata."

Suka ɗaura. A gida, irin wannan ja ba ya wuce mil uku ko huɗu, a hankali, ana kauce wa ramuka. Nan kuwa titi sumul yake, tafiyar kuma mil ashirin da shida ce. Dabo ya ba tifa wuta. Malam Sanda yana baya yana kokawa da sitiyarin da ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, ƙafarsa a kan birki. A mil na goma sha takwas ya ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin kujerarsa, wiii, wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ya ji ƙauri. Ya danna ham, amma ƙarar tifa ta danne. Kafin Dabo ya duba madubi, kukan ya koma gurnani, sannan aka ji gau, sau ɗaya. Daga nan Goggo ba ta ƙara cewa komai ba.

Mista Purvis, tsohon makanikin da ya duba gawar washegari, ya buɗe giyabos ya tarar ƙarafan ciki sun yi shuɗi sun manne da juna, mai kuwa yana nan cike a ƙasa. Ya yi bayani a gaban mutanen biyu. Inji ne ke juya haƙoran da ke watsa mai sama. In an kashe inji aka ja mota, tayoyin baya suna juya farfela, wato doguwar sandar da ta haɗa su da giya, ita kuma tana juya cikin giyan a bushe. Ya ce kafin a ja irin wannan mota ana kwance farfelar ne. Noti huɗu ne, aikin minti goma. Ya ƙara da cewa, a motar da ta kai wannan shekaru, ba ya ba da shawarar gyara.

Malam Sanda ya ce to. Malam Dabo ya nufi tifarsa. Ya naɗe sarƙarsa ya tafi.

Tun daga ranar ba a ƙara ganinsa a Glenwood ba. Juma'a biyu ke nan yana sallamewa ya fice ta ƙofar baya. Ba ya ɗaga waya. Kwanon tuwon da Rumasa'u ta saba ajiye masa kowace Lahadi, sau biyu ana mayar da shi firji.

"Baban Bebi," in ji ta, "motar ce kaɗai ta mutu, ko da saura?"

Ranar Asabar da ta wuce Malam Sanda ya tashi da safe, ya ɗauki kwalinsa da abin ɗura giris, ya fita. Ya tsaya a filin da take kwana, inda ɗigon mai ya bar taswira a siminti. Ya jima, sannan ya koma ciki.

Marigayiyar ta bar Malam Sanda, wanda zai fara aikin loda kwalaye a wani sito da ke Wendover ranar Litinin. Da Malama Rumasa'u. Da 'yarsu Bebi, wadda ta koyi ƙirga a jikin tayoyinta. Ta kuma bar rabin bokitin giris, da sabon tiyon sitiyari a ledarsa, da famfon da aka kashe inji dominsa, wanda Mista Purvis ya tabbatar yana nan lafiya ƙalau.

Iyalan suna so a sani cewa hannun da ya kashe inji na mai gida ne, kuma shi ya buga waya. Ba su riƙi kowa da komai ba.

Za a yi rakiya ranar Asabar, 26 ga Satumba, da ƙarfe goma na safe, daga garejin Mista Purvis zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan layin dogo. Za a karɓi gaisuwa a gida bayan azahar. Akwai shayi.

Masu filin sun ce za su turo janwe kyauta. Malam Sanda ya gode musu, ya ce yana da mai ja. Saboda haka ana roƙon duk wanda ya ga Malam Dabo Iliyasu ya shaida masa cewa ana jiransa da tifa da sarƙa, kuma ba za a ɗaga ba sai ya iso, ko da za a kai la'asar.

Mista Purvis ya ce yanzu kam ko an kwance farfela ko ba a kwance ba, duk ɗaya ne. Malam Sanda ya ce ya ji. Zai zo da kwali biyu da sufana biyu. Noti huɗu ne: biyu nasa, biyu na Dabo.