Ranar da Ofishinmu Ya Je Dubiyar Inna

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da na dawo daga bakin kogi na tarar da motar ofishinmu a ƙofar gidan Inna.

Ma'aikacin kula da kamun kifi ne ni a Yelwa. Na daɗe a kujera ɗaya, ba kwas, ba ƙarin girma, waɗanda na koya wa aiki suna wuce ni ina yi musu Allah ya sanya alheri. Har zuciyata ta mutu da aikin. Sai na ɓullo da dabara: duk Laraba in ce Inna ba ta da lafiya a Shanga, in je in sari kifi wurin masunta, mu yi bandarsa a bayan gidanta. (Hawan jini na ɗora mata, baiwar Allah, ita da ko ciwon kai ba ta sani ba.)

Ashe a makon Oga Ɗanladi, shugabanmu, ya samo gurbin kwas ɗin da nake mafarki, kuma ni ya zaɓa, wai don ladabina ga mahaifiya. Ya kwashi ma'aikata da lemo da madara, a zo dubiya a yi mini albishir.

Na shigo da kwandon kifi a ka, ina ƙarni, na gan su jere a tabarma. Inna kuwa tana sussukar shinkafa kamar budurwa.

"Ga shi nan!" in ji Inna da murna. "Na ce muku ya tai sarin kihi, kamar kullum Laraba. Kai, wai mi as same ni? Sai sannu suka yi min, ni ko lahiya lau nike!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Oga ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Alhamdu lillahi, Inna ta warke. Albishir ɗin kuma za mu koma da shi, tunda ka riga ka tura kanka kwas."

Zuwaira, wadda na koya wa aikin da hannuna, ita ta tafi kwas ɗin.

Darasin da na koya: in ka gaji da jira, ka je ka faɗa wa oga ido da ido. In kuma dole sai ka kwantar da wani, kada ka zaɓi wanda mota ke zuwa ƙofar gidansa.