Wankan Kalangu

"Duk mawaƙin da anka haihwa tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa, ni nas san ranar haihuwa tai. Ko uwa tai sai ta tambaye ni."

Haka Abdulgafar yake cika baki a rumfarsa ta kasuwar Ƙanƙara, inda yake tura wa mutane waƙoƙi a waya. Shi ya naɗa kansa Farfesan Waƙa. 'Yan kasuwa kuwa Gafar Lasifika suke ce masa, don ko janareta ya mutu shi ba ya yin shiru. Ka ce masa ina kwana, sai ya gaya maka yau shekara kaza ke nan da wani mai gurmi ya fara tsaga haƙori.

Amma bari in gaya maka abin da ke cin ransa. Duk wannan ilimi, babu mawaƙin da ya taɓa kiran sunansa ko da kuskure. Maƙwabcinsa Harisu mai tsire kuwa yana da baiti guda cur a waƙar Alhaji Zailani Mai Kalangu na Mairuwa, kuma shi ya sa a matsayin ƙarar wayarsa. Duk sanda aka kira Harisu, sai Gafar ya kau da kai yana tsaki.

Rannan sai dabara ta faɗo masa. Ya hau mashin har Mairuwa, ya tambayi Alhaji Zailani yaushe ya fara kiɗa. Tsohon ya ce shi dai ya san shekarar babban fari ce. Gafar ya ce shi ke nan, shekara hamsin daidai, ranar kuma ya yanka ta da kansa. A lissafinsa, wanda ya shirya wa mawaƙi bikin cika shekara hamsin ya wuce baiti, sai dai waƙa sukutum.

Ranar ta faɗo tsakiyar damina, kowa na fama da ciyawa. Harisu ya ba shi shawarar a bari sai kaka, Gafar ya ce tarihi ba ya jiran masu fartanya. Ya aika gayyata Faskari da Sabuwa, ya je Funtua ya ɗauro ƙaton kek a bayan mashin. Kafin ya gama da ramukan hanya, kek ya koma kamar tuwon da aka zauna a kai. Gafar ko a jikinsa. Ya ce ai a birni ma yanzu da ludayi ake rabawa.

Da safiyar bikin, Alhaji yana gona, Gafar ya je wurin matar tsohon, Hajiya Dada, ya nemi kalangun farko, wanda da shi tsohon ya fara sana'a, don a ɗora kan tebur jama'a su gani. Ta miƙa masa tana jaddada ya riƙe shi kamar ƙwai. Gogan naka ya duba ya ga abu baƙi ƙirin, tsirkiya duk maiƙon hannu. Wannan za a nuna a gaban kyamara, kuma a bikin da shi ya shirya? Ya samo baho da soso da garin sabulu, ya jiƙa kalangu ya dirje shi tas.

To, ko ɗan yaye a gidan makaɗa ya san fatar kalangu ba ta shiri da ruwa. Da Gafar ya ɗan taɓa da makaɗi, maimakon zaƙin nan da ke tayar da mahauta tsaye, sai ya ji "fub". Ya ɗaga kai neman rana, hadari ya rufe sama. Ya ruga wurin Harisu, wanda ya kafa tukubarsa a bakin filin bikin, ya jingina kalangu dab da wuta. Harisu ya ce ya matsa da shi baya, Gafar ya ce masa ya tsaya a kan nama, harkar kiɗa ta masana ce.

Bayan la'asar mutane suka taru, wasu da laka a ƙafa. Gafar ya kama makirfo yana zuba tarihi, ya kai inda yake cewa ba don shi ba da wannan rana ta wuce a banza, sai aka ji "tau!" Ƙamshin ganda ya gauraye fili.

Alhaji Zailani ya ɗauki kalangun yana juyawa. Fuska ɗaya ta fashe, ɗayar ta gasu. Mahaifinsa ne ya sassaƙa masa shi. A gaskiya Gafar ya ji kunyar da bai taɓa ji ba.

"Ɗana, mi kay yi mashi?"

"Wanka ne, Baba. Don tarihi."

Tsohon ya ɗago ya kalle shi. Ya ce shekara hamsin kalangun nan ya tsira daga ruwan sama da gara da hatsarin mota, ashe masoyi yake jira. Sannan ya tambayi cikakken sunansa. Ka san hali: nan take kunya ta gudu, Gafar ya gyara hula ya faɗi suna har da Farfesa. Alhaji ya juya ga 'yan amshinsa ya ce tunda babu kiɗa, a sa tafi.

"Gafar na Ƙanƙara, sarkin wanki,
Ya wanke kalangu, ya gasa mana shi."

'Yan amshi suka karɓa: "A ɓoye ganga, ga Gafar nan!"

Wayoyi suka tashi sama. Ba baiti ya samu ba, waƙa ce sukutum, kamar dai yadda ya lissafa.

Kasuwa ta gaba, layi ne a rumfarsa, daga Faskari har Sabuwa, kowa "Wankan Kalangu" yake so, kuma da hannunsa yake tura musu. Harisu ma ya sauya ƙarar waya. Can wani dattijo baƙo, wanda bai san fuskar kowa ba, ya leƙo ya ce an ce masa nan ne ake sanin ranar haihuwar waƙoƙi, wannan sabuwar yaushe aka haife ta?

Karon farko a tarihin kasuwa, Lasifika ya yi shiru. Harisu ya juya tsirensa ya ce:

"Baba, ka zo wurin da ya dace. Ai shi ne ungozoma, shi yay yi wankan."