Afuwar Baba Cindo

A dajin Kwarin Gawo shari'a tana tafiya daidai, kowa kuma na cin moriyarta. Ungulu ne alƙali, Kura ce hauni. In aka yanke ƙisasi, Kura ta zartar, alƙali ya sauko daga reshe ya tabbatar da bakinsa cewa rai ya fita.

Ana nan sai Jatau gwanki ya yi faɗa da wani matashin barewa a mashaya, ya kai masa harbi ɗaya, matashin bai shura ba. Uban mamacin, Baba Cindo, tsoho ne mai ƙafa ɗaya mai ciwo da jikoki huɗu da mamacin ya bari. Ya kwana uku yana tunani, ya ga ko an yanka Jatau sau goma, jikokinsa ba za su sha jini su ƙoshi ba.

Ranar zaman shari'a, dawa ta cika maƙil. Alƙali ya gyara murya ya ce, "Ya kai waliyyin jini, shari'a ta ba ka zaɓi uku: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Biyun ƙarshe mun ambace su ne don cika ƙa'ida."

"Allah gafarta Malam, na yafe," in ji Baba Cindo. "Sharaɗina ɗaya, ya riƙa raka marayun nan mashaya, ya tsare su har ƙahonsu ya fito."

Jatau ya durƙusa yana kuka, ya ce ya ɗauka.

Yawun Kura ya tsaya a rabin hanya. "Baba, ɗanka fa! Ina zuciyarka?"

"Tana nan, Hajiya. Ai Malam da kansa ya ce mana ranar Juma'a afuwa ta fi lada."

"Wa'azi daban, kotu daban," alƙali ya faɗa a fusace. Ya daɗe yana duban cinyoyin Jatau, sannan fuskarsa ta washe. "Madalla da wannan dattijo! Afuwa ta tabbata. Saura haƙƙin hukuma: bulala ɗari da ɗaurin shekara. Gidan yari kuwa rufinsa ya rufta, don haka Hajiya Kura za ta riƙe mana shi amana."

"To marayun fa, wa zai raka su?"

"Allah na nan, Baba."

Aka shafa fatiha. Kwana biyu tsakani, Kura ta zo gaban majalisa da jajayen idanu ta ce zazzaɓi ya ɗauke fursuna, har an yi masa sutura, Malam ne ya ja sallar. Tana cikin addu'a gyatsa ta kuɓuce mata.

Juma'ar da ta biyo, alƙali ya yi huɗuba mai ratsa jiki a kan falalar yafiya, ya ce kowa ya yi koyi da Baba Cindo. Tsohon bai samu zuwa ba. Yana hanyar mashaya yana ɗingishi, jikoki huɗu a bayansa.